Ragowar Kuɗin Gwanjo Haƙƙin Mai Gida Ne

 

Mas'alar da za mu duba a yau mai nauyi ce, irin wadda ba a cika son ambatonta a bainar jama'a ba, domin takan zo da baƙin ciki da jin kunya. Ita ce mas'alar mutumin da ya jinginar da gidansa ko filinsa ya karɓi bashi, ajali ya cika bai sami ikon biya ba, har aka kai ga sayar da gidan a gwanjo. Idan kuɗin da aka samu a gwanjon ya zarce abin da ake binsa, ragowar ta wane ce? Amsar da shari'ar Musulunci ta bayar, wadda kuma dokar ƙasa ta yi muwafaƙa da ita, ita ce ragowar ta mai gida ce, amana ce a hannun wanda ya sayar, kuma wajibi ne a mayar masa da ita ko kwabo ne. Amma da yake haƙƙin da mai shi bai san da shi ba yakan daɗe a hannun wani, ya dace mu yi wa zancen filla-filla.

Dalilin da ya sa wannan magana ta shafi mazauna Abuja ƙwarai yana cikin tarihin birnin kansa. Tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar samar da sabon babban birni a 1976, aka kuma ƙauro daga Legas a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991, dukkan ƙasar wannan yanki tana hannun Gwamnatin Tarayya, Ministan Abuja shi ke ba da fili da takardar shaidar mallaka wadda aka fi sani da C of O, kuma ba a jinginar da irin wannan fili jingina cikakkiya sai da izininsa, a rubuta a ofishin AGIS mai kula da rajistar filaye. Sa'an nan lokacin da aka sayar wa ma'aikata gidajen gwamnati a zamanin Shugaba Obasanjo, Malam Nasiru El-Rufa'i yana Minista, ma'aikata masu yawa sun mallaki gidajen da suke ciki ta hanyar rancen bankunan ba da lamunin gidaje, wasu kuma suka bi ta Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci ana zubawa a ciki. 'Yan kasuwa da 'yan kwangila su ma suka riƙa kai takardun gidajensu banki domin samun jari. To, gidan da aka jinginar shekaru goma sha biyar ko ashirin da suka wuce, darajarsa a yau ta ninka abin da aka ranta sau da yawa, saboda haka idan aka sayar da shi, ko da kuɗin ruwa ya taru, ba abin mamaki ba ne a sami ragowa mai tsoka, wadda za ta isa iyali su sake kafa muhalli.

Kafin mu shiga dokar ƙasa, bari mu fara da abin da malamanmu suka karantar a zaure, domin mutane da yawa abin da ke hana su neman haƙƙinsu kunya ce, alhali kuwa babu abin kunya a nan. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take magana, tana umartar a rubuta shi a kafa masa shaidu, wadda ke biye da ita kuwa ta halatta riƙon jingina. Ya kuma tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa domin iyalinsa. Idan har fiyayyen halitta ya yi jingina, babu wani mai mutunci da za a ce mutuncinsa ya zube don ya yi ta.

Abin da fuƙaha'u suka tabbatar shi ne, jingina tabbaci ce ga mai bin bashi, ba ta fitar da dukiya daga mallakar mai ita. Imam Malik, Allah ya yi masa rahama, ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya hana a cinye abin jingina, ya kuma fassara shi da cewa mutum ya jinginar da abin da ƙimarsa ta fi bashin, a bisa sharaɗin idan bai biya ba ranar da aka yanka to abin ya zama na mai bashi. Ya ce wannan bai halatta ba, sharaɗin kuma ɓatacce ne. Saboda haka a mazhabarmu, idan ajali ya yi, mai dukiya ya kasa biya ko ya ƙi, sai a kai magana gaban alƙali, a sayar da abin a kan ƙimarsa ta kasuwa, a fara biyan wanda ke riƙe da jinginar domin shi ne ya fi sauran masu bin bashi cancanta ga wannan kuɗi, abin da ya saura kuma a miƙa wa mai dukiya. Maganar riba, wato kuɗin ruwa, da haramcinta wani babi ne da muka sani, kuma saboda shi ne aka sami bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Amma su ma suna karɓar jingina, kuma hukuncin ragowa bai canja ba a wurinsu.

Ita kuwa dokar ƙasa da ake aiki da ita a Abuja da yawancin jihohin Arewa a wannan babi, tsohuwar doka ce ta Ingila ta shekarar 1881 game da musayar mallakar gidaje da filaye, wadda muka gada daga zamanin mulkin Turawa. Ta ba wanda aka yi wa jingina cikakkiya ikon sayarwa ba tare da ya je kotu ba, amma ta ɗaure ikon da sharuɗɗa: ko dai a aika wa mai gida takardar neman biya ya yi wata 3 bai biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata 2 ba a biya ba, ko kuma ya saɓa wani sharaɗi na yarjejeniya. Sai dai a lura, takardar jinginar da mutum ya sa wa hannu takan sauya waɗannan wa'adodi, shi ya sa karanta ta kafin sa hannu ya zama dole. Sashe na 21 na dokar kuwa ya jera yadda za a raba kuɗin da aka samu. Idan akwai wata jingina da ta riga wannan, ita ake fara sallama. Sai a cire kuɗin da aka kashe wajen sayarwa, kamar ladan mai gwanjo da na lauya da kuɗin shela a jarida. Sai a biya uwar kuɗi da ruwan da aka yi yarjejeniya a kansa. Idan akwai wanda aka sake jinginar wa gidan daga baya, shi ma a biya shi. Ragowa kuma ta mai gida ce. Dokar ta ɗauki banki a matsayin mai riƙon amanar wannan kuɗi, wanda za a iya tuhumarsa a kotu ya kawo lissafi.

Bari mu buga misali domin zancen ya zauna. Mu ƙaddara Malam Wane ya jinginar da gidansa na Kubwa, abin da ake binsa ranar gwanjo, uwa da ruwa, ya kama naira miliyan 22, aka sayar da gidan naira miliyan 40, aka kashe miliyan 3 wajen sayarwa, kuma babu wani mai jingina a kan gidan. Ragowar naira miliyan 15 ta Malam Wane ce, banki ba shi da hurumin riƙe ta da sunan tara ko ladan wahala. Adalci kuma ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen: da a ce gidan miliyan 20 kawai ya yi, to Malam Wane bai kuɓuta ba, sauran bashin yana wuyansa har sai ya biya ko an yafe masa.

A taƙaice, muna magana ne a kan ragowar kuɗin da ke saura bayan an sayar da gidan jingina an biya bashi, mun kuma bayyana cewa shari'a da doka duka sun ce ta mai gida ce. Yanzu sai hanyar da ake bi a karɓo ta.

Mataki na farko shi ne tara takardu, tun kafin a zo ranar gwanjo idan da hali: takardar tayin rance, da takardar jingina, da kwafin C of O, da rasiɗan duk abin da aka biya, da wasiƙun da banki ya aiko, da shafin jaridar da aka yi shelar gwanjo a ciki. Yana da kyau ƙwarai mai gida ya nemi ƙwararren mai kimanta darajar gidaje ya rubuta masa ƙimar gidansa, kuma ranar gwanjo, duk da ɗacin da ke cikinta, ya halarta ko ya tura amintaccen wakili ya ji da kunnensa nawa aka sallama, domin wanda ya san farashin da aka sayar ba a yi masa rufa-rufa a lissafi.

Mataki na biyu shi ne rubuta wa banki wasiƙa, ba kiran waya ko saƙon baki ba, a nemi cikakken bayanin asusu daga ranar da aka karɓi rance zuwa ranar gwanjo, da ainihin kuɗin da aka sayar, da jerin abubuwan da aka cire ɗaya bayan ɗaya tare da hujjar kowanne, sa'an nan a nemi a biya ragowa cikin wa'adi ƙayyadadde. A riƙe kwafin wasiƙar bayan ma'aikacin banki ya buga masa hatimin karɓa da kwanan wata. Idan bayanin asusu ya zo, a kai wa akanta ko lauya ya duba, domin sau da yawa ragowa a cikin lissafin ruwa da tara take narkewa, kuma Babban Bankin Nijeriya yana da ƙa'idoji a kan abin da ya halatta banki ya caza.

Mataki na uku, idan banki ya yi shiru ko amsarsa ba ta gamsar ba bayan an ba shi lokacin da ya dace, sai a kai kuka Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin Nijeriya, a haɗa da kwafin wasiƙar farko, domin ba ya sauraren wanda bai fara kai kukansa bankinsa ba. Akwai kuma zauren sulhu na Babbar Kotun Abuja, inda ake zaunar da ɓangarori biyu a daidaita su ba tare da doguwar shari'a ba. Idan duk wannan bai yi ba, sai a shigar da ƙara a kotu a nemi a tilasta wa banki kawo lissafi da biyan ragowa. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali. Kuma kada a yi jinkiri, saboda doka ta yanka wa ƙararraki wa'adi, wanda ya bari ya wuce yana iya rasa haƙƙinsa ko da gaskiya tana gefensa.

Akwai tanbihi a kan farashi. Kotunan ƙasar nan sun sha yanke hukunci cewa arha kaɗai ba ta isa a rushe ciniki ba, amma idan aka tabbatar da haɗin baki ko mugun nufi, ko banki ya sayar wa kansa ta bayan fage, ko kuwa arhar ta kai matsayin da ita kanta shaida ce ta maguɗi, to kotu tana iya rushe cinikin ko ta sa a biya diyya. Gidan da aka karyar da shi da gangan, ragowar mai shi ce aka cinye tun kafin a kai ga lissafi.

Ba banki kaɗai ke sayar da gida ba. Wani lokaci kotu ce ke ba da umarni a sayar domin biyan wanda ya yi nasara a shari'a, kuma a nan ƙa'idar ita ce a fara da kayan da ake iya ɗauka, sai idan ba su isa ba a waiwayi gida da izinin alƙali. Abin da ya saura bayan biyan hukunci da kuɗin aiki yana hannun magatakardan kotu, mai gida ya rubuta ya nema, kuma idan an tafka babban kuskure a yadda aka yi gwanjon yana da kwana 21 ya nemi a soke. Haka nan hukumomin haraji suna da ikon kama dukiyar wanda ya ƙi biya, amma ba su sayar da gida ko fili sai da umarnin Babbar Kotu, kuma ragowa bayan haraji da kuɗin aiki ta mai dukiya ce, idan ya nema a kan lokaci. Wannan ƙa'ida ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, a watan Mayu na 2023, Kotun Ƙoli baki ɗayanta ta ba wata tsohuwa mai shekara 94, Geraldine Tyler ta jihar Minnesota, gaskiya a kan hukumar gundumarta, wadda ta sayar da gidanta dala dubu 40 saboda bashin haraji da tara na kimanin dala dubu 15 ta kuma riƙe sauran. Kotun ta ce hukuma ba ta da ikon ɗaukar abin da ya wuce haƙƙinta.

Sai dai akwai wani hali na musamman a Abuja da ya wajaba a bambanta shi da gwanjo, shi ne ƙwace fili saboda rashin biyan kuɗin ƙasa na shekara-shekara. A watan Maris na 2025 Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya soke takardun mallaka 4,794 na waɗanda suka yi shekara 10 ko fiye ba su biya wannan kuɗi ba. Wanda aka soke wa takarda saboda saɓa sharaɗi, filin hannun gwamnati yake komawa, ba a yi ciniki a madadinsa ba, saboda haka babu wata ragowa da zai bi. Maganin wannan tun kafin ya auku ne: kowa ya je AGIS ya binciki abin da ake binsa ya biya, ya adana rasiɗi.

Mu waiwayi magada. Sau da yawa mai gida ya rasu kafin a sayar, ko baƙin cikin abin ya kwantar da shi, matarsa da marayunsa kuma suka bar gidan suna zaton magana ta ƙare. Ragowar nan tana cikin tarikar mamaci, kuma hukuncinta hukuncin sauran dukiyarsa ne: a biya basussukansa, a zartar da wasiyya cikin sulusi, a raba saura tsakanin magada. Banki ba zai miƙa ta ga kowa ba sai ya ga takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Abuja, rabon kuwa ga Musulmi ana yin sa a gaban alƙalin kotun yanki bisa ƙa'idar gado. Babban wa ko baffan yara da ya san an sayar da gidan ɗan'uwansa, ya yi shiru bai bi ragowa ba saboda nauyin zirga-zirga, ya sani ya yi sakaci da dukiyar marayu, kuma za a tambaye shi.

Akwai kuma jinginar da ake yi tsakanin mutum da mutum, wadda ta yawaita a unguwannin bayan gari, inda mai buƙata ke kai takardun filinsa wurin mai kuɗi, a sa shi ya sa hannu a kan takardar sayarwa tun a ranar, da sharaɗin idan wata kaza ya cika bai biya ba fili ya tafi. Wannan shi ne ainihin abin da Imam Malik ya ce bai halatta ba, kuma kotunan ƙasa ma, idan aka tabbatar musu cewa asalin mu'amalar rance ce, suna ɗaukarta a matsayin jingina komai sunan da aka rubuta a takarda. Wanda aka ajiye wa takardun fili kawai ba shi da ikon sayarwa da kansa sai ya nemi umarnin kotu. Amma tabbatar da hakan bayan an sa hannu abu ne mai wuya, saboda haka kada matsi ya sa kowa ya rubuta ya sayar alhali rance ya karɓa. A kuma yi hattara da masu zuwa suna cewa sun san wani a ciki, a ba su takardar wakilci ko wani kaso mai yawa su fito da kuɗin. Haƙƙi ne da mai shi zai iya nema da kansa ko ta hannun lauyan da ya sani, bisa ladan da aka rubuta.

Daga ƙarshe, kira ga 'yan'uwanmu ma'aikatan banki da lauyoyi da masu gwanjo, waɗanda da yawansu suna saurarenmu a wannan lokaci. Kun san sunan mai gidan, kun san inda za a same shi, kuma kun san sauran nawa ya rage bayan an rufe lissafi. Kada ku jira sai ya zo yana roƙo, ku rubuta masa ku sanar da shi, domin jinkirta biyan haƙƙi ga mai ikon biya zalunci ne, kuma amanar da aka riƙe a duniya za a nemi bayaninta a Lahira. Ku kuma masu saurare, duk wanda ya san wani maƙwabci ko ɗan'uwa ko gwauruwa da aka sayar musu da gida saboda bashi, ya isar musu da wannan bayani, ya ƙarfafa musu gwiwa su tara takardunsu su rubuta wasiƙar neman lissafi a cikin wannan mako. Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya rufa mana asiri duniya da Lahira.